Kada A Datse Wa Lamba Wutsiya: Batun 2,147,483,647

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan kacici-kacicin lissafi da kuka buga a shafin yara makonni biyu da suka wuce, da kuma amsar da kuka bayar a fitowar da ta biyo baya. Ga wanda bai gani ba, tambayar ita ce: wani attajiri ya ɗauki ɗan ƙodago aiki na wata guda mai kwana 31, bisa sharaɗin zai biya shi naira ɗaya ranar farko, naira biyu rana ta biyu, naira huɗu rana ta uku, kullum ana ninka ladan jiya, nawa zai tara idan wata ya ƙare? Amsar da kuka buga ita ce “sama da naira biliyan biyu”, sannan kuka bi ta da nasiha a kan amfanin tattali. Amsar ba ƙarya ba ce, nasihar ma ba ta da laifi, amma ni da na shafe shekara talatin da 'yan kai ina shaƙar ƙurar alli a makarantun sakandare na jihar nan, sai na ji kamar an tambayi mutum sunan baƙon da ya sauka a gidansa ya ce, “Wani dogon mutum ne.” Jimlar da ta fito daga wannan tambaya lamba ce sananniya, mai asali da dangi, wadda manyan masana suka yi kusan shekara ɗari biyu suna kai-komo a kanta, kuma duk abin da ya sa ta yi suna yana cikin wutsiyar nan da kuka datse.

Cikakkiyar amsar ita ce 2,147,483,647, wato biliyan biyu, da miliyan ɗari da miliyan arba'in da bakwai, da dubu ɗari huɗu da dubu tamanin da uku, da ɗari shida da arba'in da bakwai. Da gangan na maimaita “miliyan” da “dubu”, domin idan mai karanta labarai a rediyo ya ce “dubu ɗari huɗu da tamanin da uku”, mai sauraro ba shi da hanyar gane ko 483,000 ake nufi ko 400,083, alhali tazarar da ke tsakaninsu ta isa ta kai mutum biyu gaban alƙali. Kakanninmu da suka yi ciniki da wuri suna da kalmominsu na ƙirga, zangu ga wuri ɗari, keso ga wuri dubu ashirin, kuma da a ce da wuri attajirin nan zai biya, sai ya tanadi keso 107,374, ya ɗora wuri 3,647 a kai. Wanda kuma ya ce zai ƙirga kuɗin naira ɗaya-ɗaya, ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai yi kwana 24,855 da 'yan sa'o'i, wato shekara 68 da wasu kwanaki, kafin ya kai ƙarshe. Mai karatu ya riƙe wannan shekara 68 a ransa, domin za mu sake haɗuwa da ita.

Ranar da jaridar ta zo hannuna, bayan sallar La'asar, na zaunar da jikana mai shekara goma sha uku a zaure, na ba shi takarda da fensir, na hana shi taɓa waya. Da ya kai kwana na goma ya ga ɗan ƙodagon bai tara komai ba sai naira 1,023, sai ya fashe da dariya ya ce, “Alhaji, ai an cuci bawan Allah, ko mudun shinkafa ba zai saya ba.” A kwana na ashirin jimla ta zama 1,048,575, dariyar ta ragu. A kwana na talatin da ɗaya kuwa, ladan ranar kaɗai ya tashi naira 1,073,741,824, sai ya ajiye fensir ya ce ashe attajirin ne ya shiga uku. Amma abin da ya fi faranta mini rai shi ne, tun a kwana na biyar yaron ya lura da kansa cewa abin da aka tara kullum yana gaza ladan gobe da naira ɗaya tak: ɗaya da biyu uku ne, gobe huɗu, a ƙara huɗu bakwai ne, gobe takwas, a ƙara takwas sha biyar ne, gobe sha shida. Ke nan lambarmu ita ce abin da ake samu idan aka jera biyu guda 31 aka yi ta ninka su da juna, sannan aka cire ɗaya, kuma duk halayenta da zan ambata daga wannan siffa suka taso.

Abu na farko da ake dubawa wajen sanin ajin kowace lamba shi ne ko cika ce ko mara, abin da ɗaliban fiƙihu suka sani da shafa'i da wutiri. Tun da ta ƙare da 7, mara ce, biyu ba ta raba ta, biyar ma haka. Idan aka tara alƙalumanta goma za a sami 46, kuma tun da uku ba ta raba 46 daidai, to uku da tara ba sa raba uwar lambar, ɗaya ke saura a kowanne. A gwada bakwai, saura ɗaya. A gwada sha ɗaya, saura ɗaya. A gwada 31, a gwada 151, a gwada 331, kullum dai wannan ɗayar ce ke tsayawa a ƙofa ta hana rabo tashi daidai. Dalili kuwa shi ne maƙwabciyarta ta ƙasa, 2,147,483,646, tana rabuwa da dukkan waɗannan, domin ita sakamakon ninka 2 da 9 da 7 da 11 da 31 da 151 da 331 ce, kuma lambobi har 192 ne ke raba ta ba saura. Maƙwabciyarta ta sama, 2,147,483,648, ita kuma biyu ce zalla, ana iya raba ta biyu sau 31 a jere kafin a iso ɗaya, kuma masu raba ta 32 ne. Tsakanin waɗannan maƙwabta biyu masu sauƙin kai lambarmu take zaune, ba mai raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta.

Irin wannan lamba na raɗa mata suna gagara-rabo tun ina aji, kuma da goro na saba nuna ta. A ba yaro goro sha biyu a ce ya jera su sahu-sahu, kowane sahu daidai da ɗan'uwansa, nan da nan zai yi sahu biyu na shida-shida, ko uku na huɗu-huɗu. A ƙara masa ɗaya su zama sha uku, sai ya yi ta juyawa yana tsaki, kullum da ragowa a gefe, ba abin da zai yiwu sai dogon sahu guda. Haka 2 da 3 da 5 da 7 da 11 da 13 da 17 suke, kuma su ne tubalan da aka gina dukkan sauran lambobi da su, domin kowace lamba da ta haura ɗaya, in ba gagara-rabo ba ce, to ana samun ta ne ta ninka waɗannan da juna, ta hanya guda ba biyu ba. Ƙwaryar goro, wato ɗari, biyu ce sau biyu sau biyar sau biyar, ba ta da wata tsatso bayan wannan. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Uƙlidis na Iskandariya ya kawo hujja cewa lambobi gagara-rabo ba su da ƙarshe, sai dai galibi suna ƙara tazara da juna yayin da ake hawa sama. Malamanmu masu rabon gado sun san kishiyar wannan hali sarai, don asalan mas'alolinsu su ne 2 da 3 da 4 da 6 da 8 da 12 da 24, kuma manyan cikinsu lambobi ne masu karɓar rabo ta fuskoki da yawa. Da mamaci zai bar naira 2,147,483,647 cif, da babu yadda magada biyu ko goma ko dubu za su raba ta daidai ba tare da an fasa naira zuwa kwabo ba. In aka kasa ta 24, naira bakwai za ta rage a faifai.

Abin da zai ba masu karatu mamaki shi ne, da mai kacici-kacicin ya zaɓi wani wata dabam, da ba ni da dalilin rubuto wannan wasiƙa. Fabrairu mai kwana 28 yana ba da 268,435,455, wadda ko ɗan firamare zai ga biyar na raba ta. Wata mai kwana 30 yana ba da 1,073,741,823, wadda uku da bakwai da sha ɗaya duk ke raba ta, kuma ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane dalili: kwana talatin ana iya yanka su biyu-biyu, ladan kwana biyun farko uku ne, na biyun da ke bi sha biyu, na gaba arba'in da takwas, kowane kashi uku na raba shi, saboda haka dole uku ta raba jimlar. Duk lokacin da adadin kwanakin ya rabu, jimlar ma sai ta rabu. Ke nan sharaɗi ne adadin kwanakin ya zama gagara-rabo, amma sharaɗin kaɗai bai wadatar ba, kuma a nan ne mutane da yawa suka yi tuntuɓe. A ɗauki watan Musulunci da bai cika talatin ba, mai kwana 29. Ita 29 gagara-rabo ce, jimlar da take bayarwa kuma, 536,870,911, in ka dube ta da ido sai ka rantse ba mai iya taɓa ta, alhali kuwa 233 ce sau 1,103 sau 2,089. Ko kwana 11 ma haka abin yake, domin 2,047 daidai take da 23 sau 89. Cikin tsawon watanni huɗu da muke ƙirga da su, 28 da 29 da 30 da 31, na ƙarshen ne kaɗai ke haifar da gagara-rabo.

Tabbatar da haka kuwa bai zo da sauƙi ba. A 1588 wani masani ɗan Italiya, Pietro Cataldi, ya tabbatar da cewa jimlar kwana 17, wato 131,071, da ta kwana 19, wato 524,287, gagara-rabo ne, sannan ya wuce gona da iri ya ce na kwana 23 da 29 da 31 da 37 ma haka suke, ba tare da ya gwada ba. A 1640 Pierre de Fermat na Faransa ya nuna 47 na raba ta kwana 23, kuma 223 na raba ta kwana 37. Daga baya Leonhard Euler, haifaffen Suwizalan, ya rushe ta kwana 29. Cikin huɗun da Cataldi ya yi wa shaida, saura ta 31 kaɗai a tsaye, ba wanda ya kayar da ita, ba kuma wanda ya wanke ta. Wani malamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, ya sa ta cikin jerin da ya fitar a 1644, kuma da sunansa ake kiran dukkan wannan dangi na lambobi har yau, duk da cewa jerin nasa na da kurakurai biyar: ya shigar da 67 da 257 waɗanda ba su cancanta ba, ya tsallake 61 da 89 da 107 waɗanda suka cancanta.

Euler ne ya raba gardama a 1772, yana birnin Santa Fitasbag na ƙasar Rasha, yana da shekara 65, kuma a lokacin idanunsa sun riga sun tafi kusan gaba ɗaya, sai dai ya faɗa a rubuta. Yadda ya yi aikin ya cancanci a tsaya a kai, domin darasi ne a kan yadda tunani ke rage wahala. Da farko, ba sai an gwada duk lambobin da ke ƙasa da biliyan biyu ba; idan lamba ta rabu gida biyu masu ninka juna, dole ɗayansu ya zama ƙarami, kuma tun da 46,341 sau 46,341 ya riga ya haura lambarmu, to in akwai mai raba ta, za a same shi daga 46,340 zuwa ƙasa. A wannan tsakani akwai gagara-rabo 4,792, wanda har yanzu aiki ne mai karya ƙugu ga mai alƙalami da takarda. Sai Euler ya ɗauko ƙa'idar da Fermat ya bari, cewa duk gagara-rabon da zai raba jimlar kwana 31 dole ya zama ninkin 62 da ɗaya a kai. Mai karatu na iya gwada gaskiyar ƙa'idar da misalan da suka gabata: a kwana 11, masu rabon 23 da 89 ne, wato ninkin 22 da ɗaya; a kwana 29 kuma 233 da 1,103 da 2,089 duk ninkin 58 ne da ɗaya. Ya ƙara da tasa ƙa'idar, cewa in aka raba wannan mai rabon da takwas, dole saura ya zama ɗaya ko bakwai. Da aka haɗa sharuɗɗan biyu, sai waɗanda ake tuhuma suka koma ninkin 248 da ɗaya, ko ninkin 248 da 63, su 373 kacal, kuma mafi yawansu ma ba gagara-rabo ba ne, ba sai an ɓata lokaci a kansu ba. Ta farko da ta cancanci gwaji ita ce 311. Ni da jikana mun yi wannan rabon a zaure kafin kiran Magariba, muka sami 6,905,092 da saura 35. Ta biyu ita ce 1,303. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya har aka ƙure, ba wadda ta raba, Euler ya sanar da sakamakon a wasiƙar da ya aika wa ɗaya daga cikin malaman gidan Bernoulli, kuma lambar ta riƙe kambin gagara-rabo mafi girma da aka sani har tsakiyar ƙarni na 19.

Yau akwai hanyar da ta fi wannan gajarta, wadda Edouard Lucas na Faransa ya faro a shekarun 1870, Derrick Lehmer na Amurka ya kammala a 1930. Ana farawa da huɗu, a ninka ta da kanta a cire biyu, a raba da lambar da ake gwadawa a riƙe saura, a sake ninka sauran da kansa a cire biyu, a yi ta maimaitawa sau adadin kwanakin ba biyu. In an ƙare da sifili, lambar gagara-rabo ce. In ba haka ba, tana rabuwa. A gwada da 31, jimlar kwana biyar, mai bukatar zagaye uku: huɗu sau huɗu ba biyu 14 ne, 14 sau 14 ba biyu 194 ne, a raba da 31 saura 8, takwas sau takwas ba biyu 62 ne, a raba da 31 ba saura. Lambarmu zagaye 29 kawai take bukata. Da irin wannan dabara Lucas ya tabbatar a 1876 cewa jimlar kwana 127, mai alƙaluma 39, gagara-rabo ce, kuma har yau ita ce mafi girma da aka tabbatar da hannu ba da na'ura ba.

A cikin dangin Mersenne lambarmu ita ce ta takwas, bayan na kwana 2 da 3 da 5 da 7 da 13 da 17 da 19. Tana kuma da wata daraja da 'yan'uwanta kaɗan ne suka samu, domin ita kanta 31 ɗin 'yar gidan ce, tun da jimlar kwana biyar ce. Wato biyar ta haifi 31, ita kuma 31 ta haifi 2,147,483,647, kaka da uwa da 'ya duk gagara-rabo. Lambobi huɗu kaɗai aka sani masu irin wannan nasaba ta ciki da waje: 7, da 127, da tamu, da wadda Lucas ya tabbatar. Sai dai silsilar ta yanke a kanta, don idan aka ɗauke ta a matsayin adadin kwanaki, jimlar da za ta fito, mai alƙaluma fiye da miliyan 646, an riga an gano masu raba ta. Zuwa watan Oktoba na 2024 an san 'yan wannan gida 52, kuma babbarsu, wadda aka gano a watan, ita ce ta kwana 136,279,841, mai alƙaluma 41,024,320.

Akwai wani rabe-raben da ya fi kusa da zauren malamanmu, domin ya shigo Larabci tun ƙarni na 9, lokacin da Sabit bin Ƙurra ya fassara littafin lissafin Nikomakus a Bagadaza. Ana tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In abin da aka tara ya gaza ta, naƙisa ce, mai giɓi. In ya haura ta, za'ida ce, mai rara. In ya yi daidai da ita cif, tamma ce, kammalalliya. Takwas mai giɓi ce, don ɗaya da biyu da huɗu bakwai ne. Sha biyu mai rara ce, don masu raba ta sun tashi sha shida. Shida kammalalliya ce, ɗaya da biyu da uku. Haka ma 28. A wannan ma'auni lambarmu ta fi kowa talauci, tun da ɗaya tak take da ita a hannu. Maƙwabciyarta ta ƙasa mai rara ce, kamar kowane ninkin shida da ya haura shida. Maƙwabciyarta ta sama kuwa giɓinta ɗaya ne kawai, domin masu raba ta su ne 1 da 2 da 4 da 8 har zuwa ladan ranar ƙarshe, kuma jimlarsu ita ce lambarmu da kanta.

Amma wannan matalauciya ita ce uwar kammalalliya. Uƙlidis ya nuna cewa duk lokacin da jimlar irin wannan ninki ta zama gagara-rabo, to in aka ninka ta da ladan ranar ƙarshe za a sami kammalalliyar lamba. Kwana biyu, 3 sau 2, shida. Kwana uku, 7 sau 4, ashirin da takwas. Kwana biyar, 31 sau 16, 496. Kwana bakwai, 127 sau 64, 8,128. A kwana 31 kuwa, 2,147,483,647 sau 1,073,741,824 yana ba da 2,305,843,008,139,952,128, kammalalliya ta takwas, mai alƙaluma 19, wadda kuma ita ce za a samu in aka tara ɗaya da biyu da uku da huɗu a jere har zuwa lambarmu. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira wajen shekara ta 1000, ya yi nazarin ko duk kammalalliyar lamba mai cika ta wannan hanya take fitowa, kuma Euler ne ya zo ya tabbatar da hakan. Ko akwai kammalalliya mara, wannan tambaya ce da ta gagari masana har gobe. A gurguje in ƙara wani hali guda: masanin lissafi Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'ai da ba su wuce huɗu ba, wato sakamakon ninka lamba da kanta, irin su 1 da 4 da 9 da 16 da 25, kuma duk lambar da takwas ke barin saura bakwai a kanta sai ta cinye huɗun duka. Bakwai ita ce 4 da 1 da 1 da 1, 31 ita ce 25 da 4 da 1 da 1, lambarmu ma a wannan sahu take.

A 1811 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa da wuya a ƙara gano kammalalliyar da ta fi ta takwas ɗin nan, domin a ganinsa abin sha'awa ne kawai marar amfani, ba wanda zai wahalar da kansa. Bai san cewa wata rana lambarmu za ta shiga aljihun mai shayi da ɗan acaɓa ba. Kwamfuta da waya ba su san komai ba sai sifili da ɗaya, kuma an daɗe ana ware wa kowace lamba gurbi 32 a cikinsu. Gurbi ɗaya yana nuna ko lambar ta sama da sifili ce ko ta ƙasa, saura 31, waɗanda darajarsu ita ce 1 da 2 da 4 da 8, daidai da ladan ɗan ƙodagonmu. In aka cika gurabun nan duka da ɗaya, abin da ya fito shi ne 2,147,483,647, kuma nan ne iyakar abin da ma'ajiyar za ta ɗauka. In aka ƙara ɗaya, sai ta kife ta koma can ƙasa da sifili, kamar mitar tsohuwar mota da ta cika ta juya. A ƙarshen 2014 masu kallon wani bidiyon waƙa daga Koriya ta Kudu sun haura wannan adadi a YouTube, kamfanin ya bayyana cewa ya faɗaɗa ma'ajiyar ƙirgarsa zuwa gurbi 64, mai iyaka 9,223,372,036,854,775,807, wadda duk girmanta bakwai na raba ta, tun da ta kwana 63 ce.

Ga kuma shekara 68 ɗin nan da na ce a riƙe. Na'urori da yawa suna sanin lokaci ne ta ƙirga daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun daga farkon ranar 1 ga Janairu 1970. Ƙirgar za ta kai 2,147,483,647 ranar Talata 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe huɗu da minti goma sha huɗu da daƙiƙa bakwai na asuba agogon Nijeriya. Duk na'urar da har lokacin take ajiye lokaci a gurbi 32, daƙiƙa ɗaya bayan haka za ta ɗauka ranar 13 ga Disamba 1901 ce, wato kafin Turawa su shigo Katsina a 1903. Ba ina tsorata kowa ba ne, domin sababbin wayoyi da kwamfutoci galibi sun koma gurbi 64, amma tsofaffin na'urorin da aka dasa cikin injuna aka manta da su, su ne injiniyoyi ke bi suna gyarawa tun yanzu. Wanda aka gaya wa “sama da biliyan biyu” kawai ba zai iya fitar da wannan rana ba, balle sa'arta.

Malam Edita, ina rubuto wannan ne daga garin da ya fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin gina hatimin lissafi, irin wanda ake jera 1 zuwa 9 a gida tara kowane layi ya tashi 15, kuma ya rasu a Alƙahira a 1741 yana baƙon Shaihu Hasan al-Jabarti. Bai yi aiki a kan lambar da muke magana ba, amma duk wanda ya taɓa zana hatimi ya san in aka yi kuskuren ɗaya a gida guda, layuka sun tashi daga aiki. Don haka roƙona biyu ne. Na farko, ku sake buga amsar a shafin yara da alƙalumanta goma cif. Na biyu, ku ba su wannan a matsayin kacici-kacici na gaba: su gwada 127, jimlar kwana bakwai, da hanyar Lucas, zagaye biyar, sannan su gwada 2,047, jimlar kwana sha ɗaya, zagaye tara, su rubuto sauran da suka samu a kowane zagaye, su faɗi wadda ta ƙare da sifili. In amsoshin sun yi muku yawa, ku turo mini su, har yanzu jan birona bai bushe ba.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin lissafi,
Rafindadi, Katsina.